Inda Baƙin Ya Tsaya

Ku ukun nan kowa da labarin da yake bayarwa a kan furfurata, kuma har yau babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya tambaye ni. Ke babbar, wadda ba na kama sunanki, kin gaya wa 'ya'yanki wai na bar kaina ya yi fari ne don na rantse ba ni ba wani namiji bayan Babanku. Kai Nasiru kana faɗa wa ɗalibanka wai wa'azinka ne ya ratsa ni, har na ji an ce kana kafa misali da ni. Auta kuwa cewa take lalaci ne kawai, Inna ta gaji da kwalliya. To duk cikinku babu wanda ya dace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tunda idona bai ƙarasa mutuwa ba, bari in rubuta muku da hannuna, don maganar ba irin wadda uwa ke iya faɗa wa ɗanta ido da ido ba ce.

Furfura gadon gidanmu ce. Mahaifiyata tana goyon ƙanena kanta ya yi fari fat, ni ma ban cika talatin ba ta fara leƙo mini ta gaban goshi. Da farko tsigewa nake yi, har tsofaffi suka hana ni, suka ce wadda aka tsige da 'yan'uwanta take dawowa. Ranar da abin ya ci mini rai, a wani gidan suna ne a Sandamu. Ina tuƙa tuwo ɗankwalina ya zame, sai wata baƙuwa ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

"Iya, sannu da aiki. Ina maijegon, 'yar taki?"

Maijegon nan kuwa sa'ata ce, tare muka yi wasan ƙasa. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya su, na dawo gida na ƙi cin abinci.

Babanku dillalin shanu ne, mutumin da zai ɗaga leɓen saniya ya gaya maka daminar da aka haife ta, don haka ba ni da abin da zan ɓoye masa a kan shekaru. Ya ji labarin. Lahadi ta zagayo ya tafi kasuwar Mai'aduwa kamar kullum, da yamma ya dawo da wata 'yar kwalbar dayis, baƙin rinin nan na gashi, da ya saya wurin masu shigo da kaya ta iyakar Kwangwalam. Ya ajiye a bakin tabarma yana kallon wani wuri, ya ce ga shi nan, an ce mata na shafawa. Washegari da kuka tafi makaranta na kwaɓa, na jingina madubi da randa na hau aiki. Na baƙanta kunnena, na baƙanta goshina da wuyan rigata, furfurar ƙeya kuwa ko kusa da ita ban je ba. Ya shigo ya gan ni, ya yi dariyar da sai da ya nemi wurin zama.

"Ke ko ɗan akuya aka ba ki ki yi wa shaida, ai kin ɓata shi. Miƙo nan."

Daga ranar nan aikin ya koma hannunsa. Litinin ce ranar hutunsa, bayan wahalar kasuwa. Duk lokacin da fari ya leƙo, sai ya jira kun fita da hantsi, ya tura ƙyauren zaure ya sa sakata, ya kife turmi ya zauna, ni kuma in zauna a tabarma tsakanin ƙafafunsa. Kayan aikinsa tsohon buroshin haƙori ne da murfin gwangwani. Yakan tsaga gashin layi-layi da haƙuri, irin yadda yake bin jikin sa yana neman kaska. Mun fi shekara goma a haka, a zatonmu babu mahalukin da ya sani. Kun tuna baƙin nan da ba ya rabuwa da gefen farcensa, wanda yake ce muku maganin kaska ne? Abokansa na kara, kasuwar shanu, su ma haka ya gaya musu, suka yarda, har wani ya taɓa tambayarsa inda ake sayarwa.

Kun san Babanku ba mai magana ba ne. In muna fuskantar juna, da ƙyar yake haɗa mini magana uku, ni ma kunyarsa nake ji har muka tsufa. Amma da zarar na ba shi baya, hannunsa na cikin gashina, sai bakinsa ya buɗe. A nan nake jin wanda ya ci amanarsa a kara, da abin da ke tsakaninsa da ƙaninsa, da tsoron da yake ji game da taurin kan Nasiru. Mijin da ke babbar kike aure ma, a kan turmin nan aka yanke shawararsa. Wata rana yana cikin shafawa ya ce:

"Ni fa farin nan bai taɓa damuna ba."

"To me ya sa kake wahalar da kanka?"

Ya ƙara tsaga wani layin, sannan ya ce, "Litinin ɗin nake so. Sunkuyo, kina motsi."

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, Daura ta sauya kama. Hijabi ya sauko daga gwiwa zuwa idon sawu, kowane shago kaset ɗin wa'azi ke tashi, mu matan aure muka cika Islamiyya. Ni ban ƙi ba, a can na gyara karatun sallata da na daɗe ina yi da kurakurai. A can kuma na ji malamarmu tana cewa rina furfura da baƙi ba shi da kyau, wadda take so ta sa jan lalle. Hankalina ya tashi, na kawo wa Babanku maganar. Ya saurara har na gama, ya ce shi ba malami ba ne, amma ya ji an ce gudun yaudara ne ya sa aka hana.

"To wa kike yaudara? Ni da na shafa da hannuna?"

Ban sani ba ko amsarsa za ta karɓu wurin malamai, ni dai ta ishe ni a lokacin. A damina ta biyu bayan wannan, ya shafa mini ranar wata Litinin yana ba ni labarin wani bijimi da ya tsinke a kara. Talata ya tashi da zazzaɓi, Juma'a aka kai shi makwancinsa. Da baƙin nan a farcensa aka binne shi.

Makon farko gida cike yake, ba ka samun inda za ka taka. Sannu a hankali aka watse. Ke babbar kika koma ɗakinki a Katsina, Auta ta koma makarantar kwana, Nasiru kuwa a shagon ƙofar gida yake kwana, wuni kuma yana wurin malamansa, sai dai ya leƙo ya ɗauki kwano. Na rage ni kaɗai a gidan da aka gina don mutum biyar. Na jima ina zuba gari mudu guda kafin hannuna ya koyi na mutum ɗaya. Ranar Lahadi da yamma, in 'yan kasuwa suna dawowa daga Mai'aduwa, duk babur ɗin da ya karyo kwanar gidanmu sai na tsaya da abin da nake yi, har ya wuce. Litinin kuwa ba a magana. Babu abin da ke faruwa a cikinta, hantsi ne kawai yake yi a tsakar gida, ga turmi a jingine, ni kuma in rasa inda zan sa kaina. Na yi kaɗaici irin wanda ban san akwai shi ba, kuma ban gaya wa kowannenku ba, don kowa da nasa kukan.

Mai takaba ba ta kwalliya, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Madubin ma na kife shi a ƙarƙashin gado. In na wanke kai sai in laluba in kama kalaba biyu in ɗaure da ɗankwali, ban taɓa duba abin da ke faruwa a can ba. Haka na cika wata huɗu da kwana goma. Ranar fita aka yi waina aka raba sadaka, na yi wanka na ɗaura sabon zane, sannan Delu ta shigo da matajinta. Delu maƙwabciyarmu ce, kun san ta, ta girme ni, ita ke mini kitso tun ina amarya, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Ta tsefe kalabar ta fara tajewa, sai na ji matajin ya tsaya.

"Abu, ina madubinki?"

Na jawo shi na goge ƙura na duba. Daga fatar kai, kamar faɗin yatsu biyu, fari ne tas. Daga nan kuma baƙi ya ɗauka har ƙarshen gashi, kuma tsakaninsu layi ne miƙaƙƙe kamar an ja da zare. Na daɗe ina kallo kafin na gane abin da nake gani. Inda baƙin ya tsaya, nan hannunsa ya tsaya ranar Litinin ɗin ƙarshe. Duk abin da ke baƙi ya taɓa shi, ya tsaga shi, ya yi magana a kansa. Farin kuwa bai san shi ba, bayansa ya fito. Kayansa duk an raba, rigunansa suna jikin 'yan'uwansa, babur ɗin an sayar, ashe abin da ya rage mini nasa a kaina yake.

"Aika yaro ya sayo dayis mu rufe wannan abin," in ji Delu. "Yau ranar fitarki ce."

Na ce ta bari tukuna, ba yau ba. Ta kitsa haka tana mita.

Bayan watanni sai ga maganar Malam Ɗahiru, ta hannun yayana. Tela ne a Zango, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kama gabansu, kuma ya taɓa yi wa Babanku ɗinki. Ran Alhamis bayan la'asar yake zuwa a kan wani tsohon babur mai tari, in shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni in zauna daga bakin ƙofa cikin hijabina. Ku buɗe kunnuwanku da kyau, musamman ke babbar: na so shi. Shekaruna arba'in da 'yan kai a lokacin, ban mutu ba. Ba ci ko sha ne ya dame ni ba, ba ku bar ni da yunwa ba. Abin da nake so shi ne in ji gyaran muryar namiji a tsakar gida, in ce wa wani sannu da zuwa, in dafa abu a ce gishiri ya yi yawa. Malam Ɗahiru mutum ne mai sanyin magana. Yakan ba ni labarin kajin da marigayiyar ta bar masa, yadda suka raina shi, har wata take yin ƙwai a cikin kwandon ƙyallayensa. Shi ne ya fara sa ni dariya tun bayan rasuwar, har na ji kunyar muryata.

Ku kuwa ba ku so ba, kada wanda ya ce ya manta. Ke babbar kin zo daga Katsina kin zauna a bakin gado kina hawaye, kina cewa yanzu Inna sai ki rufe ɗakin Baba ki tafi Zango. Nasiru kuma ta wata hanya ya biyo. Ya ji Delu tana damuna da maganar rini, sai ya shigo da ɗan gemunsa da bai gama yanke shawarar fitowa ba, ya tsaya a kanmu.

"Inna, na ji ana maganar dayis. Baƙi haramun ne, balle ga mai neman aure. In ya zama dole, ki sa jan lalle."

"Jan lalle?" in ji Delu. "Ta fito da kai kamar gemun ladan? Kai yaro, je ka tsirar da naka tukuna, sannan ka zo ka yi mana fatawar gashi."

Na haife ka, Nasiru, na san ba dayis ne ya tsone maka ido ba, babur ɗin da ke tsayawa a ƙofar gidan ubanka ne. Ban ga laifinka ba, amma na ji haushin yadda kowa ya sami abin cewa a kan kaina, kan da duk garin Daura babu mai ganinsa sai ni da Delu.

Wata Juma'a Delu ta shigo da sauri ta ce ta ji daga majiya mai ƙarfi, gobe yayar Malam Ɗahiru, Hajiya Ladi, za ta zo gaishe ni, kuma ta tambayi lokacin da ake mini kitso. Ba sai an fassara mini ba. Namiji a zaure ba ya ganin komai sai hijabi da tafin hannu, don haka danginsa sukan turo idon mace ta shigo ciki ta ga kaya. Da sassafe sai ga Delu da dayis ɗinta a kwaɓe cikin ɗan kofi. Na yi niyyar yarda, wallahi na yi. Na kwana ina gaya wa kaina cewa rayayye ya fi gashi. Na shimfiɗa tabarma na zauna na cire ɗankwali. Delu ta waiga neman abin zama, ta jawo turmin nan ta kife, ita ba ta san tarihinsa ba, ta zauna a bayana. Warin rinin ya bugi hancina. Ta tsaga gaban goshi, na ji sanyin buroshi ya kusa fatar kaina, ban san lokacin da na kama hannunta ba.

"Delu, bari."

"Bari me? An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ke kika ja mu har ranar. Saki hannuna, matar nan tana hanya."

"Kitsa shi haka."

"Abu, wa kike yi wa? Wanda ke ƙasa ba ya gani. Wanda ke raye kuwa abin da aka gaya masa zai ji."

Ku zan ba amsar wannan tambayar. Ba tsoron haramun ba ne, ko da yake ina tsoron Allah daidai gwargwado. Ba kuma alkawari na yi wa kabari ba. Abin da na gani shi ne, in buroshin nan ya bi ta kan layin sau ɗaya, shi ke nan, baƙi ya haɗu da baƙi, ba zan ƙara sanin wanne ne na Babanku wanne ne na Delu ba. Ina son auren, kuma ina son layin, ban ga dalilin da zai sa a ce sai na zaɓi ɗaya ba.

Muna tsakiyar kitso aka yi sallama da murya mai daɗi tun daga zaure.

"Ina amaryar tamu? Ina take ɓuya?"

Hajiya Ladi ta shigo da fara'arta, ta ɗaga ido ta sauke a kaina, fara'ar ta tsaya inda take. Ido ba mudu ba, ya san kima. Aka ba ta tabarma, ta sha ruwa, muka yi maganar damina da tsadar gero, duk tana satar kallon farin, wanda a lokacin ya kai rabin gashin. Ba ta daɗe ba ta miƙe ta gyara mayafi.

"To Yaya, Allah ya ƙara haƙuri. Sai an kwana biyu."

Yaya. Matar da ko makaho aka tambaya ya san ta ba ni shekara goma, ga gashinta yana leƙowa ta gefen ɗankwali baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta shigo ina amarya, ta fita ina Yaya. Delu ta tashi ta tuttular da kofin a makwarara, ta ja tsaki, ta ƙarasa kitson tana ja kamar da gashin take faɗa.

Na ɗauka magana ta mutu, amma Alhamis na yi sai na ji tarin babur a ƙofa. Na sa hijabi na fita. Bayan mun gaisa sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Kansa fari ne sol.

"Malama Zainabu, an kawo mini labari. Ga nawa kin gani. Ni ba yarinya na fito nema ba." Ya juya hular a hannunsa. "Sai dai Yaya Ladi ita ta raine ni bayan mahaifiyarmu, bakinta kuwa kin ji samfurinsa. Da za ki daure ki shafa wani abu, ko lalle ne, ko na ranar tarewa kaɗai, mu rufe bakin mata. Bayan nan kai naki ne, ba mai ƙara tambayarki."

Maganarsa ba ta da aibu, har yau ban ga aibunta ba. Kalma ɗaya ce tsakanina da gidan da ake magana a cikinsa, in ce to. A raina kuwa lissafi nake, gashi yana tsiro, baƙin yana tafiya da kansa, in ya ƙare sai in rina da duk abin da suke so. Sai na ce:

"Malam, ka ba ni lokaci. Akwai abin da nake jira ya ƙare."

"Kamar zuwa yaushe?"

"Ban sani ba. Allah ne masani."

Ya dubi tabarma, ya mayar da hularsa a hankali, ya ce to, Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace na ji maganata da kunnensa. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san in mace ta ce a ba ta lokaci, Allah ne masani, to ta ƙi ne, ta rufa wa mutum asiri. Ni ma na sani, da bakina na sha faɗa wa masu neman ke babbar. Amma ranar nan ni lokacin nake nufi, lokaci na gaske, irin wanda gashi ke ɗauka. Za ku ce me ya hana in yi masa bayani. To ku gaya mini yadda mace za ta zauna a zauren mijinta ta gaya wa wani namiji cewa marigayi yakan sa sakata ya hau turmi ya rina wa matarsa kai. Kafin Lahadi labari ya kai kara, mutanen da suka yi masa salla su riƙa dariya suna cewa ashe mijin-ta-ce ne. Ya rufe wannan asiri da maganin kaska shekara da shekaru, ba ni zan tone shi yana kabari ba.

Alhamis ta gaba na share zaure na shimfiɗa tabarma, na jiƙa zoɓo. Har aka kira magariba ba wanda ya zo, na naɗe. Ta gaba ma haka. Delu ta ce in bari ta je Zango ta gyara magana, na ce ko da wasa, mace ba ta bin namiji da kira, in yana so ya san hanya. Kun san ni da zuciya. Bayan an gama girbi muka ji ya ɗaura aure a Baure da wata bazawara, daga baya kuma aka gaya wa Delu yana cewa matar Daura ta sallame shi cikin mutunci, ba ya riƙe ta da komai. Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Na yi fushi da shi, na yi fushi da yayarsa, har Babanku sai da na yi fushi da shi, mutumin da ya saba wa kaina da hannu ya tafi ya bar ni da shi. A makon nan ne kai Nasiru ka shigo da tsire a takarda kana murmushi, ka ce alhamdu lillahi Inna ta bi sunna. Na karɓa na ci, don yunwa nake ji.

Daga nan sai zama. Ba wanda ya ƙara tsayar da babur a ƙofar nan, labarin Yaya mai farin kai ya riga ya zaga. Duk ranar kitso nakan tambayi Delu ko da sauran baƙin, ta ce da saura. Baƙin ya yi ta ja da baya zuwa bakin gashi, ya koɗe ya koma ja-ja, ya fara karyewa yana bin mataji. Abin da ya zube nakan dunƙule in tusa a ramin katanga kamar yadda aka koya mana. A damina ta uku, wata Asabar, Delu ta tsefe ta taje, na yi tambayata. Ta daɗe tana juya kan, tana ɗaga nan tana ɗaga can.

"Abu, babu."

"Duba ƙeya."

"Na duba. Fari ne tas har baki."

Ban san ranar da silin baƙi na ƙarshe ya fita ba. Ya bi mataji cikin 'yan'uwansa, na dunƙule na tusa a katanga ina tunanin abin da zan dafa. Na bar rayayyen mutum ya tafi don in yi gadin baƙin nan, shi kuwa baƙin ko sallama bai yi mini ba. Ban yi kuka ba, na dai zauna ina kallon ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Delu ta dafa kafaɗata.

"Yanzu in kina so sai a rina. Ba sauran aikinsa da za a ɓata."

Na juyo na dube ta. "Tun yaushe kika sani?"

"Shekara nawa ina kitsa kan nan? Mace ba ta iya rina ƙeyarta layi-layi haka da kanta. Na ga farcen mijinki kuma, ni ba saniya ba ce da za a ce mini maganin kaska." Ta share hanci da gefen zane. "Ranar nan ne dai ban gane ba, sai da na zubar da kofin. A rina?"

"Wa zai gani, Delu?"

Ta ɗauki tsinken kitso ta tambaye ni ko ta kama mini manya guda huɗu mu tashi, tunda hadari na haɗuwa. Na ce a'a, ta yi mini ƙanana, ƙanana sosai, irin na 'yan mata.

"Zai kai mu la'asar fa, kuma za ki kwana da ciwon kai."

"Na sani. Yi a hankali."

Har yau irinsa ake mini, ko da yake Delu ta riga mu gidan gaskiya, jikarta ce ke zuwa. Duk sanda kuka zo sai kun yi mini faɗa, wai tsohuwa da ni me zan yi da ƙananan kitso, ga ciwon kai, ga shi cikin hijabi ba mai gani. Gaskiyarku ne, ba mai gani. Amma manya, kafin ruwa ya tafasa an gama an tafi. Ƙananan kuwa, wuni guda ake yi hannun mutum yana kaina.